Inci Huɗun da Lamisi ta Ɓoye

A zangon Salaga, in kana son labari ya isa Makango, can bakin ruwa, kafin jirgin ruwan Yeji ya tashi, ba sai ka ɓata katin waya ba. Ka ɗauki tsohon wando ka kai shagon Lamisi a rage maka ƙafa, ka faɗi maganar kana kallon gefe, shi ke nan ka gama aikinka. Kada wani ya ce muguwa ce, don ba ta taɓa ƙaga wa mutum abin da bai yi ba, kuma in aka yi rashi a gidanka ita ce ta farko da za ta rufe shago ta zo ta tsuguna a bakin murhu. Ciwonta ɗaya ne, labari ba ya kwana a cikinta. In ta ji abu da hantsi, kafin azahar ya fara yi mata ƙaiƙayi a maƙogwaro, kafin la'asar ta sauke shi a kan wanda ya fara leƙowa, har da ɗan gishirin da takan barbaɗa don ya yi daɗin ji.

'Yar Bawku ce, Kirista 'yar cocin Katolika. Aure ya kawo ta Salaga, mijin ya rasu, 'ya'ya suka watse Kumasi da Tamale, ita kuwa ta ce ba inda za ta, keken ɗinkinta ya saba da wurin. Shekara ashirin da biyu ke nan shagonta na jingine da katangar gidan Hajiya Asiatu, dillaliyar doya, jikar fataken goron da suka kafa unguwar. Kwanon tuwo ya sha tsallake katangar nan. Ran Babbar Sallah cinyar rago ta Lamisi ce, ran Kirsimeti kuwa Hajiya kan hana a ɗora tukunya a gidanta, ta ce yau shinkafar Lamisi za a ci. Sai dai duk amincin nan, akwai ƙofa ɗaya da Hajiya ba ta taɓa buɗe mata ba. Ba ta gaya mata asiri. Auren Shakira ma, 'yar autar Hajiya, wadda Lamisi ta ɗinka wa rigar suna da ta makaranta, sai da aka miƙo mata goron sa rana tare da sauran mutanen layi sannan ta ji. Ta karɓi goron tana dariya, ta shiga shago ta yi kuka. Ta san dalili, shi ya sa abin ya fi yi mata zafi.

A shekarar da wannan abu ya faru, azumin Musulmi da na Kirista suka faɗo kusan tare. Ran Larabar Toka, bayan Fada, limamin cocin, ya shafa wa kowa toka a goshi, ya ce kowa ya zaɓi abin da zai bar wa Allah na kwana arba'in, amma kada a kawo masa wayo. Ya ce ya san masu cewa sun bar nama alhali tun Kirsimeti rabonsu da shi. Abin da ka san in ka bar shi za ka ji a jikinka, shi ake so. Lamisi ta sunkuyar da kai, don ita ma nama ta zo da niyyar bari, ga shi haƙoranta sun daɗe da barinsa a madadinta. Ta laluba abin da ta fi so a duniya, ba ta sha wuyar samunsa ba. A durƙushe ta yi alkawari, daga ranar har safiyar Ista maganar wani ba za ta fita daga bakinta ba, sai in mai maganar ne ya aike ta da ita. Ta ƙara da Hausarta ta zango, wadda mace da namiji duk ɗaya ne a cikinta, ta ce, "Yesu, kai ka san bakin nan. In ba ka tsaya a ƙofa ba, ni ɗaya ba zan iya ba koraa, ko kaɗan."

Sana'arta ce ta ba ta dabara. Kowane maɗinki yana riƙe fil a leɓe in yana aiki, kuma ba a surutu da fil a baki. Sai ta mai da shi magani. Da labari ya taso mata, sai ta ɗebo fil biyar ta jera a leɓe, ta duƙufa kan keke. Makon farko aka ce ciwon haƙori take. Mako na biyu matan da ke zuwa jin labari da sunan gyaran zip suka fara ja da baya, shagon ya yi tsit sai ƙarar keke. Lamisi ta yi mamakin yawan ɗinkin da mutum ke gamawa in ya yi shiru, har ta fara ganin abin ba shi da wuya yadda ta zata.

Ana cikin haka Shakira ta zo ganin gida daga Yendi. Shekara shida ke nan da aurenta da Mutawakil, wani Badagombe mai shagon kayan babur, kuma har lokacin Allah bai ba su haihuwa ba. Hajiya ta ciro atamfa yadi shida daga akwati, ta ce a kai wa Lamisi ta yi mata riga da siket na Sallah. Shakira ta shigo shagon da hantsi, ta durƙusa ta gaishe ta, ta cire hijabi ta ɗaga hannuwa.

Lamisi ba ta buƙatar takarda a kan awon yarinyar nan, a ka yake. Ta zagaya tef a ƙirji, ta duba, ta sake zagayawa. Talatin da shida ne tun ran biki, yau ga talatin da takwas da rabi. Ta sauko ƙugu, nan ma tef ya ƙi tsayawa inda ya saba. Daidai lokacin ƙamshin soyayyen kifi ya shigo daga layi, Shakira ta kau da kai ta toshe hanci da gefen zane. Wadda ta shekara talatin tana awon mata ba sai an yi mata bayani ba. Daɗi ya taso wa Lamisi tun daga tafin ƙafa, ta saki tef, ta ɗaga hannu za ta rangaɗa guɗar da za a ji har tasha.

Shakira ta cafke wuyan hannunta. "Mma Lamisi, don Allah. Don Yesun da kike bi."

Lamisi ta haɗiye guɗar, har ta sarƙe. Da ta samu numfashi ta yi raɗa, "Hajiya ya sani?"

"Ba ta sani ba. Ba wanda ya sani sai ni da Mutawakil da uwarsa." Shakira ta leƙa ƙofa ta dawo. "A gidansu cikin fari ba a ambatonsa. Ko an gani ba a faɗi, ko ni ba a ce mini komai, sai yayar miji ta zo da sassafe ta ƙwanƙwashe ki a ka, ta ce da ke yarinya ce, yau kin girma, ta rataya miki laya ta ba ki sabon zane. Daga nan kowa ya faɗa. In baki ya riga hannunta, sun ce cikin ba ya zama, kuma laifin na wanda ya fara furtawa ne, shi da danginsa."

"To ina yayar?"

"Mma Zalia tana Bawku, lokacin albasa ne. Ta ce sai ta gama lodi."

Lamisi ta taɓe baki. Ita dai ba ta yarda kalma na zubar da ciki ba, Wanda ya ba da shi shi ke tsaronsa, ta kuma faɗa wa Shakira haka. Yarinyar ta dube ta, idonta ya kawo ruwa.

"Ban ce na yarda ba, Mma, ban ce ban yarda ba. Shekara shida na jira. Ba da wannan zan gwada ba. Kin san Mma Hajiya, in ta ji, fuskarta kaɗai za ta gaya wa duk kasuwar doya. Na ce mata olsa ce ta hana ni azumi."

Lamisi ta dube ta. Sannan ta miƙa hannu cikin gwangwani, ta ɗebo fil, ta jera a leɓe, ta ɗaga tef daga ƙasa ta ci gaba da awo.

Sai yanzu azumin nata ya fara. Mugun labari riƙe shi da sauƙi, ko ba komai akwai kunyar faɗinsa. Amma labari mai daɗi, wanda ka san yana iya share hawayen aminiyarka da ke bayan katanga ɗaya, wannan garwashi ne a tafin hannu. Bakin da ya rasa hanya sai ya koma hannu. Da ta zo yanka atamfar, maimakon inci ɗaya da ake bari a gefen ɗinki, sai ta bar huɗu a kowane gefe, riga da siket. Ta ninke su ciki, ta danne da dutsen guga har suka kwanta, ta rufe da shafi yadda ba mai gani. Tana yi tana murmushi ita kaɗai, tana yi wa abin da ke cikin addu'a.

Yadin da ya tafi can kuwa dole ya ragu a wani wuri. Da Hajiya ta zo karɓar kayan don ta ba direba ya kai Yendi, ta ware ɗankwalin ta ɗaga shi sama, ta juya shi gaba da baya.

"Lamisi, wannan ɗankwali ne ko hankici? Yadi shida na kawo miki. Ko ke ma kin fara halin teloli da tsufanki?"

Cikin wasa ta faɗa, amma wasan da gaskiya a gindinsa. Ba abin da ke ƙona ran maɗinki kamar a ce ya ci yadi, kuma a shekara ashirin da biyu ko ƙyalle Lamisi ba ta taɓa riƙe wa gidan nan ba. Amsa ta zo mata har bakin haƙori. Ta danne ta, ta ce, "Haka ɗinkin ya ci, Hajiya." Hajiya ta ce hmm, ta naɗe kayanta ta fita. Ranar Lamisi ba ta ji daɗin tuwonta ba.

Bayan Sallah da mako biyu Hajiya ta shigo shagon da yamma ta zauna a benci, abin da ba ta cika yi ba. Ta ce ta yi tunani ta gama. Yarinya ta rame a fuska, ga olsa, kuma kowa ya san olsa ciwon mai damuwa ne. Ba shakka gori suke yi mata a gidan nan, ita kuwa ba ta faɗa saboda zurfin ciki. Za ta je Yendi ta ɗauko 'yarta, ta kai ta wurin likita a Tamale, in bai yi ba akwai wata mai magani a hayin Yeji. In sun yarda to, in ba su yarda ba su riƙe aurensu.

"Na ji za ki Bawku yin Ista," in ji Hajiya. "Ran Alhamis sai mu hau mota ɗaya, ki sauke ni a Yendi."

Lamisi ta ce to, da fil shida a baki.

Fil ba ya shiga mota, musamman a hanyar Bimbilla da ramukanta. Saboda haka a tasha Lamisi ta sayi aya cike da leda. Motar ba ta fita gari ba Hajiya ta fara. Ta ce ita ta san abin da ake faɗi a bayanta a kasuwa. Ta ce duk sa'o'in Shakira daga mai biyu sai mai uku. Ta ce akwai wani zanen goyo da uwarta ta bar mata, saƙar hannu, shekara shida yana ƙasan akwati tana zuba masa kafur, har ta fara tunanin ta ba wa wata kada asu ya cinye. Nan muryarta ta karye, ta ja gefen mayafi ta rufe fuska, wannan mata da ke tsayar da direbobin tirela da tsawa ɗaya.

Lamisi ta cusa aya a baki. Ta tauna, ta ƙara. Kalma uku ce kawai, ta gama su kafin motar ta faɗa rami na gaba. Wa zai sani? Amma ta san wa zai sani. Hajiya za ta sauka a Yendi da fuskar da ba ta ɓoye komai, uwar miji ta duba sau ɗaya ta gane, daga nan duk abin da ya samu cikin nan, ko ciwon kai ne, a ce mutanen Salaga ne suka yi baki. Kuma yarinyar da ta riƙe mata hannu ta haɗa ta da Yesu za ta san wanda ya sayar da ita. Ta tauna aya tana addu'a a zuci, hawaye na bin kumatunta. Kafin su kai Bimbilla ledar ta ƙare, muƙamuƙinta kamar ba nata ba, ta leƙa taga ta sayi wata.

"Ke wai yau yunwar shekara kike ji?" in ji Hajiya tana share ido. "Ina miki maganar raina kina ta ɓarzar aya kamar akuya."

Lamisi ta kamo hannunta ta riƙe a cinya, ba ta sake shi ba har Yendi.

A tashar Yendi Hajiya ta sauka da jakarta. Ta san ba a faɗa wa surukai abin da ya kawo ka ran da ka sauka, sai an ci an huta, don haka ta yanke tafiyar ta zama ran Litinin. Ta dawo jikin taga ta ce, "Ga saƙo. Zalia tana kasuwar albasa a garinku. Ita ta zo ta karɓi yarinyar nan daga hannuna, ita ya kamata ta ji. Ki ce mata ni Asiatu ina Yendi, kuma ran Litinin zan hau mota da 'yata, da yardarsu ko babu."

Lamisi ta maimaita saƙon a ranta tun daga Yendi har Bawku, don kada ya ƙaru a hanya.

A gidan yayarta da ke Bawku aka yi wa Lamisi maraba, aka zauna ana jiran labarin Salaga kamar yadda aka saba kowace shekara, na wanda ya mutu da wanda ya yi aure da wanda ya gudu da bashin wani. Lamisi ta ce kowa lafiya. Yayar ta taɓa mata goshi ta ce a kawo maganin zazzaɓi. Ran Juma'a aka bi gicciye a cikin rana ana tsayawa addu'a wuri bayan wuri, Lamisi na tafe a baya tana tunanin yadda aka yi ta zuba wa Yesu Mai Ceto tambaya da ƙarya a gaban masu mulki, shi da ya fi kowa abin faɗi, ya yi shiru. Ba ta taɓa lura da wannan wurin ba sai bana.

Ran Asabar ta shiga kasuwa. Ta sami Zalia a tsakiyar buhunan albasa, doguwar mata mai murya, tana faɗa da masu lodi da Hausa, tana ciniki da mutanen Burkina da Mosanci. Suka gaisa, don sun san juna tun biki. Lamisi ta gyara tsayuwa ta sauke saƙon kamar yadda aka ɗora mata, ba ragi ba ƙari. Ita kanta sai da ta ji shi wani iri a bakinta, ba gishiri ko ƙwaya ɗaya.

Zalia ta ajiye albasar da ke hannunta. "Madam tela, ba ke ke ɗinka wa Shakira kaya ba?"

"Ni ne."

"Kin auna shi kwanan nan?"

"Na auna."

"To me tef ya ce?"

"Tef ba shi magana, Mma Zalia. Saƙo aka ba ni, na sauke."

Zalia ta ƙura mata ido, ta kuma kallonta daga sama har ƙasa. "Ni fa an ce mini ke rediyo ne paa, na gaske."

"Batir ya mutu," in ji Lamisi.

Zalia ta yi 'yar dariya ta ce, "Na ji." Ta juya ta ci gaba da yi wa masu lodi tsawa. Ba ta ce za ta ba, ba ta ce ba za ta ba, kuma ga motoci biyu ba a cika su ba. Lamisi ta fito kasuwar zuciyarta ba daɗi.

Safiyar Ista coci ya cika har waje, mata sun sha fararen kaya, ana kiɗa ana rawa ana cewa Yesu ya tashi. Lamisi ta yi rawa har gwiwa ta yi ƙara. Suna fitowa waya ta yi kuka a jakarta, Hajiya ce. Ta ce ta faɗa wa surukan jiya, uban Mutawakil ya tashi ya bar mata ɗakin, Shakira kuwa sai kuka take tana cewa ba za ta ba, ta kuma ƙi faɗin dalili. "Sun shanye mini 'ya, Lamisi. Na haɗa mata jaka da hannuna. Motar farko za mu hau gobe."

"Zalia ya zo?"

"Wace Zalia? Ko ƙeyarta ban gani ba."

Lamisi ta tsaya a inuwar bishiyar darbejiya da waya a kunne, sai wani tunani ya zo mata da fara'arsa kamar baƙon kirki. Ai yau Ista. Alkawari ya cika da safen nan, kwana arba'in sun ƙare, ba ta karya ko ɗaya ba. In ta faɗa yanzu ba ta saɓa wa Allah ba, aure ma za ta ceta. Ta buɗe baki. Sai ta ji wurin da Shakira ta riƙe ta a wuyan hannu kamar yanzu aka riƙe. Yarinyar ba ta ce sai Ista ba. Ita ba ta ma san da wani alkawari ba, amana ta bayar, kuma amana ba ta da ranar ƙarewa. Ashe kwana arba'in ɗin koyo ne, yau ce ranar aikin.

"Hajiya," ta ce, "kada ki hau lorin safe. Jira ni. Zan taso da na farko, mu koma tare. Hanyan nan ba na so in bi ni ɗaya."

Wannan kuwa gaskiya ce tsantsa. Hajiya ta yi tsaki ta ce ita dai Lamisi ba ta rabuwa da rigima, amma za ta jira zuwa azahar, ko minti ɗaya ba za ta ƙara ba.

Motar Bawku ta yi faci sau biyu, sai bayan azahar Lamisi ta iso Yendi, ta hau babur tana roƙon Allah kada ta tarar an tafi. Tun daga bakin layi ta ji hayaniyar mata. Tana shiga gidan ta fara cin karo da buhun albasa a jingine a zaure, sai ta gane wa ya zo. Zalia ta sauka jiya da magariba a saman motar kaya, yau da sassafe ta yi abin da ya kawo ta. Ga Shakira a kan tabarma da laya a wuya da sabon zane a kafaɗa, tana sunne kai. Ga Hajiya a gefe, ido ya kumbura, baki ya ƙi rufuwa.

"Lamisi!" Hajiya ta taso ta rungume ta. "Zo ki ji abin da ba ki taɓa ji ba. Yau ni zan ba ki labari!"

Ta ba ta shi tun daga farko, Lamisi na ta cewa kai, Allah mun gode, kuma ba ƙarya take ba, don daɗin ya zo mata sabo. Sai yanzu ta rangaɗa guɗar nan da ta haɗiye wata guda da ya wuce, har kajin gidan suka watse.

Can aka ce Shakira ta sa kayan Sallarta a ɗauki hoto. Ta shiga ta fito tana ja, rigar ta kama ta tam, zip ya ƙi hawa. Zalia ta ce ai wannan sai a ba wa wata, ta yi mata kaɗan. Lamisi ta ce a kawo. Ta ciro reza daga jakarta, ta juya rigar, ta bi shafin a hankali tana tsinke zare. Yadi ya warware daga ciki, ninki bayan ninki, sabo fil da shatin guga a jikinsa. Ta juya ɗaya gefen, nan ma haka.

Hajiya ta daina dariya. Ta matso ta karɓi rigar, ta ɗora yatsunta huɗu a kan abin da aka ɓoye, ya rufe su har da saura. Ta ɗauki siket ɗin ta laluba gefensa, ta ji kaurin. 

"Ɗankwalina ke nan," ta ce a hankali. "Tun yaushe?"

"Tun ran da na sa mishi tef."

Ana ganin Hajiya tana lissafi a fuska, yammar da ta zauna a benci, da motar Bimbilla, da wayar jiya. Sai ta ɗaga hannu ta ɗaka wa Lamisi duka a kafaɗa, duka na gaske.

"Kika bar ni ina kuka tun daga Salaga har Yendi, kina cin aya?"

"Ni ma ina kuka, Hajiya. Ayan ne ya rufe."

"Na ce kin ci mini yadi."

"Kin ce."

Hajiya ta zauna daɓas a kan tabarma, ta rufe fuska da rigar, kafaɗunta na rawa, ba a san kuka take ko dariya ba. Shakira ta rarrafo ta ɗora kai a gwiwar Lamisi. Zalia kuwa ta gaya wa matan gidan da Dagbanci abin da ya faru, suka yi ta leƙowa suna kallon telar Salaga. Uwar miji ta shiga ɗaki ta fito da zabuwa a hannu, ta ajiye a gaban Lamisi.

Washegari suka hau motar Salaga su biyu, jakar Shakira na nan inda Hajiya ta kwance ta. Da suka fita gari Hajiya ta ce ba ta kira kowa ba a gida. Ita uwa ce, bakinta ba zai iya faɗin cikin 'yarta a layi ba, kunya ba za ta bar ta ba. "In mun sauka ke za ki faɗa. Ni na aike ki. Ki sa gishirin ma in kin ga dama."

Lamisi ta ce ta karɓa, har ta fara jera gidajen da za ta bi. Suka yi ɗan nisa. Sai Hajiya ta gyara mayafi, ta dubi na gaba ta dubi na baya, ta matso har kafaɗarsu ta haɗu.

"Lamisi, kawo kunnenki. Akwai wata magana da shekara tara ke nan ina ɗauke da ita ni kaɗai, ta ishe ni."

Lamisi ta kai hannu jaka neman aya, ta tuna ba ta saya ba, ta kuma ga ba ta buƙata. Ta miƙa kunne. Shekara ashirin da biyu take jiran wannan matsowar, daɗin da ta ji ya fi na cinyar rago nesa ba kusa ba.

Labarin cikin Shakira ya isa Makango a ranar, kafin jirgin yamma ya tashi. Ɗayan kuwa, wanda aka gaya mata tsakanin Yendi da Bimbilla, har yau yana inda Hajiya ta ajiye shi.